Turmin Inno ko Akwatin Littattafai

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da Inno. Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Mu ma mutanen Gorton lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, tun ranar da council, hukumar garin nan, ta rage wa Maigida kwanakin aiki, ya ce bana babu zuwa gida, na ɗauka hutunmu ya mutu. Ashe ranar ce komai ya canza. Wani abokin aikinsa, Bartholomew, zai bar ƙasar, sai ya sayar mana da tsohuwar caravan ɗinsa da araha. Ɗaki ne mai taya da mota ke ja, da gado da murhu da ƴan labulaye! Ina leƙawa na ji kamar na faɗa cikin littattafan nan da kike min faɗa a kansu. Maigida ya ce zai kai ni bakin teku a Wales, ni da ban taɓa ganin teku ba sai a takarda.

Na yi shiri irin namu. Na loda buhun shinkafa, da manyan tukwane, da tsarabar ƙawata Sa'adiya ta unguwar Sparkhill a Birmingham, inda za mu yada zango, da turmin da Inno ta ba ni, da akwatin littattafaina. Ban gaya masa ba, na ce ai ɗaki ne. Muna hawa babban titin Birmingham sai caravan ta fara kaɗa wutsiya, tana fizgar motar hagu da dama. Salati kawai nake yi. Da muka tsaya ya ga lodin da na jibga a can baya, ya riƙe kai, ya tambaye ni ko gudun hijira za mu yi.

Da muka lallaɓa muka isa Sparkhill, mijin Sa'adiya, Halliru, ya kai mu wurin da ake auna manyan motoci, aka ce mun wuce ƙa'ida. Ashe akwai ɗan ƙarfe kusa da ƙofar caravan ɗin da ya nuna iyakar nauyinta, kuma duk kayan da aka yarda a zuba kilo ɗari da hamsin ne, har da tukunyar gas da batir. Mai nauyi ma a ƙasa ake sa shi, daidai kan tayoyi. Ita kanta motar tana da iyakar abin da za ta ja. Sa'adiya ta yi ta dariya, ta ce amaryar ƙauye ta zo da gara, ta karɓe shinkafar da tukwanen. Duk da haka Maigida ya ce sai an ƙara sauke ɗaya, turmi ko akwati, in ba haka ba babu tafiya, don ba zai sake hawa titi da raina a hannunsa ba.

Na daɗe ina shafa akwatin nan, Yaya. Amma na tuna na yi wa Inno alkawarin duk inda na kafa murhu, a turminta zan yi daka.

Ki gaida Inno, da Kawu Gidaɗo, da Kulu. Ki gaya wa Inno turminta zai ga teku. Littattafan na bar su a Sparkhill, jibi za mu tashi zuwa Wales.

Ƙanwarki,
Raki