Takarda a Mashayar Verlie

Litinin, 3 ga Yuni
An rufe makaranta. Ɗakin kiɗa shiru, kujeru arba'in a kife. Na dafa jan wake da shinkafa kamar kowace Litinin, na mutum biyu kuma. Shekara guda da rasuwar matata Lurline, hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Shekara ashirin da shida ina koya wa yaran New Orleans busa ƙaho, ban taɓa busawa a mashaya ba. Yau na leƙa uku a titin Frenchmen. Baƙi cike, kowa da waya a sama. Giya ɗaya, na dawo. Ba wanda na yi wa magana sai mai miƙo kwalba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Mashayar Verlie, a unguwar Treme. Da la'asar ake kiɗa, ƙofa a buɗe, duk mai ƙaho yana iya zuwa. Sai dai ba a roƙo. Ka ajiye akwatin ƙahonka inda shugaban makaɗa zai gani, ka jira kira.
Shugabar kuwa Shondrell Augillard ce. Ɗalibata. Ni na cire ta daga ƙungiyar makaɗan makaranta tana 'yar shekara goma sha huɗu, don ta kasa karanta kiɗa a takarda, da kunne take kamawa. Na ce mata babu inda kunne zai kai mutum.
Ta gan ni. Ba ta kira ni ba.

Talata, 11 ga Yuni
Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Na koma, har da shiri. Kwana uku na yi ina rubuta waƙoƙin da na ji suna yi, da kyakkyawan rubutu, na ɗauki ƙarfen ɗora takarda na kafa kusa da tebur. A ganina girmamawa ce.
Dattijon da ke kaɗa ganga, Cleophus, ya leƙo ta saman tabarau: "Farfesa, jarrabawa za a yi mana? Ai da ka faɗa mun yi wanka."
Dariya har bakin titi. Verlie, mai mashayar, ta turo mini giya, ta rage murya: "Bawan Allah, naɗe abin nan. Nan ba coci ba ne."
Shondrell ba ta yi dariya ba. Ta dubi takardun, ta dube ni, ta kira wani direban bas ya zo ya busa.
Da ma ta zage ni, da ya fi.

Laraba, 19 ga Yuni
Na rubuta wa Shondrell wasiƙa, na yaga. Lurline ce ta iya irin wannan. Da tana nan, da tuni ta ce in je in buɗe baki kamar mutum.
Me nake nema ma? Ba tafin jama'a ba. Ta kira sunana kawai.

Lahadi, 23 ga Yuni
Ƙaho kaɗai na ɗauka. Waƙa shida ina zaune, giyar ta yi ɗumi a hannuna. Ana shirin tashi Shondrell ta ce, ba tare da ta juyo ba: "Mista Fontenette. In kana zuwa, ka zo."
Ba ta faɗi waƙar ba. Suka fara, na bi, na ɓata tun ba a je ko'ina ba. Gumi. Ina ƙirga bugu a zuci kamar ɗan aji ɗaya. Ta matso dab da kunnena: "Malam, bar lissafi. Saurari Baba Cleophus."
Na saurara. Ban yi kyau ba, amma na iso ƙarshe tare da su.
A waje na fara: "Shondrell, abin da na yi miki..."
Ta ce, "Na yi kuka wata guda. Daga nan na zo gidan nan." Ta saɓa akwatinta. "Kana makara wajen shiga waƙa. Ka gyara."
Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ce kada in dawo ba.

Litinin, 24 ga Yuni
Na zauna tsara gwajin shiga ƙungiya na sabon zango. Karatun takarda ne farko, kamar kullum. Na mayar da shi ƙarshe. Su fara busa abin da suka ji tukuna.
Sauƙin tsari ne kawai, ba wani abu ba.
Leɓena ya kumbura. Na yi atisaye awa biyu, taga a buɗe.