Farin Saƙin da Ya Tsaya a Tasha

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Tafinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai gida lafiya. Ƙanwarka Gwaggo Hansai tana nan, sai dai gwiwa ta fara gardama, amma baki bai mutu ba. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ne saboda akwai maganar da na riƙe shekara shida, jibi kuma zan hau jirgi, ba na so in hau da ita a raina.

Bari in fara da kalmar nan da ka koya mini, don ta nan na fi sanin hanyar zuwa wurinka.

Ka tuna farkon shekarun casa'in, ina lise, wato sakandare, kai kuma kana tafinta a tasha? Direbobin Najeriya su zo da Hausa da Ingilishi, 'yan kasuwar garin nan su tare su da Larabci, ma'aikata su zare musu ido da Faransanci, kai kana tsakiya kana raba faɗa. Bayan La'asar ka dawo gida unguwar Mardjandafak rigarka tana warin baƙin mai, ka zauna a zaure ka buɗe tsohon ƙamus ɗin Ingilishi da wani direban Maiduguri ya bar maka. Ba shi da bango, shafukan farko duk sun zube. Kakan ce duk kalmar da ta fara da harafin A sai dai ku haɗu a lahira. Ina fata kun haɗu, Baba.

Kana yawan cewa, "Kalma baƙuwa ce, Habibu. Kafin ka sa ta aiki, ka tambaye ta garinsu." Ranar da ka sa ni na karanto maka *station* ban manta ba, domin ranar ce na fara jin cewa *tasha* ɗinmu ta kullum ba haifaffiyar Hausa ba ce. Bakin Bature ta fito, kakanninmu suka kama ta suka yi mata kwaskwarima har ta zauna daidai a harshensu.

Na karanta ma'ana ta farko, wurin da jirgin ƙasa ke tsayawa. Ka ce to, wannan sai a ajiye wa masu jirgin, mu nan Cadi ko digarsa ba mu taɓa gani ba. Na karanta ta biyu, ofishin 'yan sanda, ka ce Allah Ya raba mu da ita. Sai gidan rediyo, sai wurin da aka kafa soja ya yi gadi, sai matsayin mutum a cikin jama'a. Da na zo kan cewa a Ostireliya har babbar gonar tumaki da wannan suna ake kiranta, ka yi dariya har ka share ido da bakin rawaninka. Daga nan ka ɗora yatsa a kan ƙananan haruffan da ke ƙarshe, inda ake faɗin asali. Daga Latin take, ka ce, kuma tushenta tsayuwa ne kawai, mutum ya tsaya da ƙafafunsa. Faransawa suka ɗauka, suka miƙa wa Ingilishi, Ingilishi ya ba Hausawa, su kuma direbobinmu, a faɗarka, suka ɗauko ta a mota har Larabawan garin nan suka koma cewa tasha. Ga masu Faransanci a gefe suna kiran gidan mai da ita, ba su san 'yar gidansu ce ta zaga duniya ta dawo ba.

Ni a lokacin abin da ya dame ni shi ne in ci jarrabawa. Ban lura cewa kai ka daɗe da yatsanka a kan shafin ba.

Gidanmu ma ai tasha ne, ko da yake ba mu cika faɗi ba. Mahaifinka Malam Ɗanjuma ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya iso garin nan tun ana ce masa Fort-Lamy, matarsa na ɗauke da cikinka. Ya ce za su yi damina ɗaya su wuce. A kayansa akwai farin saƙi, saƙar hannu, wanda ya tanada don ya tsoma a Zamzam ya zama likkafaninsa. Damina ɗaya ta zama ashirin. Da ajali ya zo masa, ya ce kada a sa masa wannan saƙin tunda bai isa inda aka nufa da shi ba, a nemo wani yadi a kasuwa. Ya damƙa maka shi, ya ce ka ƙarasa.

Tun daga nan ka ɗauki kanka matafiyi, mu ma ka ɗauke mu haka. Ba a taɓa zuba siminti a gidanmu ba. Kowace shekara bayan damina sai mu kwaɓa ƙasa mu yaɓe inda ruwa ya ci. Ba ka taɓa shuka itace a tsakar gida ba. Idan matan ƙauyen Gaoui sun kawo tukwane, Inna takan tsaya tana shafa manyan randuna, kai kuma ka ce a ɗauki ƙarama, wa zai ɗauki wancan ranar tashi? Har Allah Ya karɓi ranta ba ta sha ruwan babbar randa a gidanta ba.

Kowace shekara kuma, washegarin Babbar Sallah, ka jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ka fito da saƙin, ka shanya shi a inuwa, ka canza ganyen darbejiyar da ke kare shi daga ƙwari. Ka naɗe shi ka mayar, ka ce, "Baɗi, in Allah Ya yarda." Wata shekara yaƙi ne ya kore mu ƙetaren kogi, kuma adakar nan ita ka fara ɗorawa a ka. Wata shekara jinyar Inna. Sauran shekarun mu ne, Baba. Guzurin hanyarka mu muka cinye shi a lekol, wajen biyan kuɗin makaranta, wannan ban gane ba sai da na haifi nawa.

Da na fara koyar da Ingilishi, na sami fili a unguwar Ambassatna na yi gini na siminti da kwano, na ware maka ɗaki mai taga biyu. A daminar shekarar bangon zaurenka ya tsage har ana hango titi. Na zo na roƙe ka ka koma wurina, ka ƙi. Na sake zuwa da Gwaggo, ka ƙi. A zuwa na uku raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Baba, shekara sittin da wani abu kana zaune a tasha. Motar nan ba za ta zo ba."

Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Ka dube ni kawai ka ce, "Ba mota nake jira ba, Habibu. Saƙo ne a hannuna, ban isar ba." Ka ɗauki butarka ka fita alwala. Ba mu sake tayar da zancen ba, ni kuma ban ba ka haƙuri ba, ina ganin akwai lokaci.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka rasu ranar wata Laraba bayan Azahar, cikin tsananin zafi, aka ce a gaggauta a kai ka kafin Magariba. Gwaggo ta kira ni gefe ta ce in aika kasuwa a yanko farin yadi, tunda kasuwar ga ta nan a bakin gida. Na ce mata to. Amma ban aika kowa ba. Na shiga ɗakinka, na jawo adakar, na fito da saƙin Kaka na miƙa wa masu yi maka sutura. Ya yi ja-ja saboda shekaru, yana ƙanshin darbejiya, amma ko huda ɗaya babu. Kafin Gwaggo ta ankara an riga an sa masa almakashi.

Ga duk wanda ya tambaye ni, cewa na yi ai kai ka fi kowa cancanta da shi, kai da ka yi masa hidima tsawon rayuwarka. Mutane suka gyaɗa kai, liman ma ya ce na kyauta. Ba gaskiyar ke nan ba, Baba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na san idan saƙin nan ya kwana a adaka, nawa ne. Na hango kaina washegarin Sallah ina shanya shi, ina cewa baɗi, 'ya'yana suna kallona yadda na kalle ka. Ban so in zama mutum na uku ba. Na sa maka shi ne don in rabu da shi, ba don in girmama ka ba. Amanar da ka riƙe shekara da shekaru, har a cikin yaƙi, ni na binne ta cikin yini ɗaya, na kuma bari aka yaba mini.

A sahun sallar jana'izarka na tsaya a gaba, babu ruku'u babu sujada, tsayuwa ce kawai daga kabbarar farko zuwa sallama. Sai ƙananan haruffan nan na ƙamus suka faɗo mini, da yatsanka a kansu. A nan na fara kuka, mutane suna zaton na rashi ne kaɗai.

Gwaggo ba ta ruɗu ba. Bayan sadakar bakwai ta ce mini, "Ka binne ubanka, ka binne tafiyar ubansa. Kalas, shi ke nan." Ba ta ƙara ba. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, tana cin abincin gidana, tana goya 'ya'yana, amma ta daina kirana da sunan da take kirana da shi tun ina goye, wato Ɗan Hanya. Na koma Malam Habibu a bakinta, kai ma ka san Gwaggo, wannan ya fi mari zafi.

Na ci gaba da koyarwa. Kowace shekara sai kalmar nan ta zo a darasi, ɗalibai su tambaye ni don me kalma ɗaya za ta ɗauki jirgin ƙasa da 'yan sanda da rediyo duk a kanta. Ina ba su amsarka yadda ka ba ni, har da tumakin Ostireliya, kuma a nan suke dariya, daidai inda ka yi. Ƙamus ɗinka yana kan teburina. Adakar kuwa ban iya buɗe ta ba, ban kuma iya bayar da ita ba.

Bana Allah Ya nufe ni da kujerar Makka. Na yi murna, sai kuma murnar ta koma ciki, don na san hannu wofi zan isa. Na yi tunanin in sayi sabon yadi in tsoma a Zamzam, amma wa zan yaudara? Ba shi Kaka ya ɗauko daga Katsina ba.

Shekaranjiya da hantsi sai ga taksi a ƙofar gidana, Gwaggo ta fito tana dogara sanda. Ba ta jira an shimfiɗa mata tabarma ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ƙunshi, ta warware leda, ta warware tsumma, sai ga ƙyalle ja-ja bai fi tafin hannuna biyu ba, gefensa duk zare. Ashe ranar da aka yi maka sutura, bayan an yanki abin da za a yanka an yagi igiyoyin ɗauri, wannan ne ya rage a kan tabarma. Ita ta tsince shi kafin a share ɗakin. Shekara shida yana wurinta, kuma ƙanshin darbejiyar sabo ne, ka ga ke nan ita ma tana canza ganyen.

Ta sa mini shi a hannu ta rufe yatsuna a kansa. Ta ce, "Ubanmu bai ce sai dukansa ba. Cewa ya yi a ƙarasa. Ka kai, Ɗan Hanya."

Baba, na durƙusa a gabanta a tsakar gida, a kan simintin nan da ka ƙi takawa.

Ga shi nan a jakata, tsakanin haramina biyu. Zan tsoma shi a Zamzam da sunan Malam Ɗanjuma, da sunanka, da sunan Inna da ta haƙura da ƙaramar randa. Zai kasance tare da ni a tsayuwar Arfa. Idan Allah Ya dawo da ni, zan kai wa Gwaggo shi, ita ta fi ni sanin abin da ya dace da shi. Bayan haka zan je Gaoui da kaina in sayo babbar randa, in kuma shuka darbejiya a gidan Mardjandafak. Ba don na fi ka sani ba, sai don saƙon ya isa, kuma wanda ya isar da saƙo yana iya zama.

Ka yafe mini maganar mota. Ka yafe mini adakar. Ba ka zauna a banza ba, tsaye kake tun ranar da aka damƙa maka saƙin, ni ne ban iya gani ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya gafarta wa mahaifinka da ya faro tafiyar, da kuma Inna da ta taya ka jira. Ya haskaka kabarinku, Ya rubuta muku ladan hajjin da kuka yi niyya kamar kun taka da ƙafafunku. Ya sa tsayuwarmu ta ranar hisabi ta zo da sauƙi, Ya tara mu inda babu sauran tashi. Amin.

Ɗanka mai neman gafararka,
Habibu, Ɗan Hanya
Ambassatna, N'Djamena