Inna da Tsohuwar Cikin Ordinatar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan makwancinki ya fi ɗakin da kika bari yalwa da sanyi. Mu nan Konni lafiya lau. Wuta na zuwa tana ɗaukewa yadda kika san ta, ƴan kabu-kabu kuma ba su rage gudu ba.

Na san da kina nan ba za ki yarda in rubuta wannan inda mutane za su karanta ba. Za ki ce boko ya cinye mini kunya. Ki yi haƙuri, ke kika kai ni lakwal, makarantar bokon.

Maganar hannunki na dama nake so in yi.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ki, ƙafa ta dawo da wuri, baki ya miƙe, hannu ya ƙi. Likita ya ce a riƙa motsa shi kullum, amma masu koyar da irin wannan motsi sai Yamai, ke kuma kika ce ba inda za ki. Abin da likita bai sani ba shi ne ba ki cin abinci da hagu, ko a ɓoye. Ba ki kuma yarda a ba ki a baki, in ba ƙanwarki Inna Hajo ba. Da gero ya nuna ta koma Dogarawa girbi, sai kika koma kurɓar fura kaɗai, kina tallafe ƙwarya da hannu biyu, na hagu na aiki, na dama na rakiya. Zobenki ya fara zamewa daga yatsa. Kina ramewa a gabanmu, kina cewa kin ƙoshi.

Saura ni, ɗiyar fari. Tun da kika haife ni ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in kina cikin raha kuma "ta buro", don aikin ofis da nake yi. Ba mu zama tabarma ɗaya. A jami'a na cika takardu da bayanin kunyar ɗan fari, har malami ya yaba mini. Ko a layi ɗaya ban hango cewa wata rana kunyar nan za ta tsaya tsakaninki da tuwo ba.

Wata abokiyar karatuna ce ta aiko mini adireshin wasu darussa a intanet. Wata tsohuwar Baturiya mai furfura ke koya wa mutane motsa jiki a hankali, suna kula da abin da suke ji. Na riƙa biyawa siber, shagon intanet, in na tashi daga buro, ina kallon darasi na saukowa ɗis-ɗis kamar ana tatsar akuya mai rowa. In wuta ta ɗauke, a koma farko. Da na tara darussa kaɗan, na aro ordinatar, wato kwamfutar buro, na kawo gida.

Da kaina na fara. Na shimfiɗa tabarma na kwanta, tsohuwa ta ce mini da Faransanci mai laushi in ji inda bayana ke taɓa ƙasa. Ni da digirina, ana sanar da ni ina da baya. Na yi dariya. Sannan na lura kafaɗata ta hagu ba ta sauka, tana nan a ɗage kamar mai jiran a kira ta. Ban san tun yaushe take haka ba.

Ke kuma kina bakin ƙofa da carbi, wai bango kike kallo. Kika ce wa bangon: "Mutum da ransa ya miƙe kamar gawa, wai karatu." Bayan ƴan kwanaki kika tambayi bangon dai abin da tsohuwar ke cewa.

Nan na ga basirarki, Inna. Ba za ki karɓi umarni daga ɗiyar fari ba, amma sa'arki mai furfura ana iya sauraronta, ko da cikin inji take zaune. Kika sa aka shimfiɗa tabarmarki nesa da tawa, ordinatar a tsakiya bisa kifaffen turmi. Ni tafinta ce kawai. "Tsohuwa ta ce ki ja numfashi. Tsohuwa ta ce ki zame hannu bisa tabarma, kaɗan, kada ki tilasta masa." Ita kike amsawa, ba ni ba. "Gaya mata na ji." Wani lokaci kuma, "Gaya mata ba ta da aikin yi." Sannan ki yi abin da ta ce.

Ban taɓa ganin ɗaliba irinki ba. Ni gaggawa nake in gama darasi in ce na iya. Ke kuwa sai ki ƙare hantsi guda kan yatsa ɗaya, gumi na tsattsafo miki a goshi saboda motsin da bai kai ƙwayar wake ba. Ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Sai dai ki ce a kashe injin, baiwar Allah ta huta.

Sai muka zo darasin da ke son mutum biyu: ɗaya ya tallafi gwiwar hannu, ɗaya ya ɗaga. Na fassara. Kika dubi injin, kika ga abin da ake yi da idonki, kika juya fuska. Kika ce an tashi. Kashegari ba ki fito da tabarma ba, haka jibi. Ni ma ban yi magana ba, don ban san da bakin wa zan yi ta ba. Zobenki na tsinta a ƙasa wajen shara.

Wata Lahadi da hantsi, ba wuta tun jiya, batirin ordinatar ya mutu, injin na rufe cikin jaka. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa na ji muryarki daga ɗaki: "Ke. Tsohuwa ta ce ki zo ki kama hannun nan."

Na zo. Ban dubi jakar ba, ke ma ba ki dube ta ba. Gwiwar hannunki ba nauyi, fatar da sanyi da laushi, a ƙasanta akwai tsohon tabon ƙuna. A gidanki na girma ban san kina da shi ba.

Ba zan ƙara gishiri ba, hannun bai dawo kamar da ba. Bai sake riƙe muciya ba. Amma kafin Inna Hajo ta dawo daga girbi ya kai baki. Tuwon dawa ne ranar, da miyar kuɓewa, abincin da ya fi kowane wuyar kamawa, kuma ke kika zaɓe shi. Na tallafi gwiwar har rabin hanya, na saki. Rabin lomar ya zube a zane, rabi ya shiga. Kika tauna a hankali kina kallon bango, kika haɗiye, kika ce, "Gaya mata daddawa ta yi yawa." Ni na yi miyar.

Daga ranar da hannunki kika ci har kika bar mu.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Ranar tsayuwa ya miƙo miki littafinki ta dama, ki ɗaga hannu ki karɓa da kanki, ba mai tallafa miki.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
daga Birnin Konni