Saƙon Baban Fiddausi Ga Tijjani

Ainu Shams, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Ummukulthum,

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci, kada ta sa damuwata a ranta.

Na zaɓi in rubuta in ɗauki hoton takardar in turo miki, don duk lokacin da na ji muryarki a waya kuka ke hana ni magana. Takaba tana tafiya. Fiddausi ta daina tambayar babanta, sai dai in ta ji ƙarar babur a ƙasa ta ruga taga. Ƙaninsa Zubairu yana zuwa daga makaranta a Darrasa ya duba mu, Allah ya saka masa.

Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kin san a kan babur ɗinsa na kai wa mutane saƙo mota ta buge shi. Waɗanda suka gani sun ce farar suzuki ce, direban kuma bai tsaya ba. A garin nan idan an ce suzuki, ƙaramar motar haya ake nufi, wadda muke shiga zuwa kasuwa. Da na isa asibiti yana da sauran numfashi. Ya fara tambayata ko yau Lahadi ce, na ce eh. Sai ya riƙe yatsana ya ce, a rarrabe: "Ki gaya... Tijjani... suzuki ce." Bakinsa ya karkace kamar na mai jin zafi. Bai sake magana ba.

Kin tuna Tijjani, Bahaushen Sudan ɗin nan da yaƙi ya koro, mijin Mahasin da ta zauna da ni lokacin haihuwar Fiddausi? Farar suzuki yake ja, ta wani Bamisre. Ranar kuma bai zo asibiti ba, sai wajen jana'iza aka gan shi, idonsa jawur, ya kasa kallon kowa. Tun daga nan zuciyata ta ƙi zama. Mahasin ta hawo da abinci, na ce wa Fiddausi ta yi shiru har ta gaji da buga ƙofa ta ajiye kwanon ta sauka. Matar da ta yi min wankan jego ce fa, Yaya.

Ban san abin da zan yi da maganar nan ba. Mutum a bakin mutuwa ya ce ki gaya, ni kuma na riƙe. Ki ba ni shawara, kada ki gaya wa Inna.

Taki ƙanwa,
Sabuwa

Ainu Shams, Alƙahira

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da kowa na gida. Na ji saƙonki, na kuma ji inda kika ce in bar wa Allah. Sai dai ya zo a makare.

Zubairu ya same ni ina kuka, ya matsa, na gaya masa. Ban taɓa ganin fuskar yaron nan haka ba. Ya ce dama shi ma ya lura Tijjani ya daina zama a ahwa. Ahwa shagon shayi ne da ke ƙasan beninmu, na wani Ayman. Nan Baban Fiddausi da abokansa suke taruwa ranar Lahadi da rana suna kallon tseren babura na Turai a talabijin, suna ihu kamar su ne a kai. Ni ban taɓa son abin ba. Na sha ce masa mutumin da ke wuni a kan babur me zai gani a gudun wasu, har ya daina kawo min zancen cikin gida.

Zubairu bai riƙe bakinsa ba. Ya gaya wa ɗaliban ɗakinsu, su kuma suka kai masallaci. Yanzu magana ta zagaye 'yan ƙasarmu cewa marigayi ya ambaci sunan wanda ya buge shi. Mai motar ya ji, ya karɓe makullinsa, ya ce ba ya son rigima. Zubairu kuma ya ce bayan Juma'a mai zuwa zai je ƙisim, wato ofishin 'yan sanda, ya ba da sunan Tijjani, ni ce shaida.

Yaya, takardun Tijjani na gudun hijira ne. Mutum irinsa in ya shiga irin wannan magana, ko ya fita da gaskiyarsa ban san inda zai ƙare ba, garinsu kuma babu abin da ya rage a cikinsa sai harbi. Mahasin tana da ciki. Jiya na hango ta daga taga tana shanya, ta ɗago, muka haɗa ido, ta janye labule.

Ina so a kama wanda ya bar min yarinya marainiya. Amma farar suzuki a unguwar nan ta fi a ƙirga, kuma ban taɓa tambayar Tijjani inda yake ranar ba. Na ce wa Zubairu ya dakata, ya ce ai ba ni na faɗa ba, Yayansa ne ya faɗa.

Ki sa yara su yi mana addu'a.

Sabuwa

Ainu Shams, Alƙahira

Yaya Ummukulthum,

Sallama da gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Lahadi da la'asar ina tsintar shinkafa kusa da taga, sai na ji an kunna tseren a ƙasa. Tun rasuwar ba su kunna ba. Da aka gama suka shiga musu, muryoyinsu na hawowa. Wani ɗalibi mai suna Ja'afar yana cewa shi Kawasaki yake so ta shigo, aka ce masa waɗannan sun ƙoshi da tasu gasar. Ayman ya ce a kawo kamfanin China, tunda baburansu ne suka cika titi, aka ce to sai dai a riƙa tura su da ƙafa daga layin farawa. Suka yi dariya. Sai wani ya tuno da Baban Fiddausi, ya ce Allah ya jiƙan Lawal, da yana nan da tuni ya buga tebur ya ce Suzuki ce.

Tiren ya zame daga cinyata. Na aika Fiddausi ta tsaya a matakala ta kira Ja'afar. Ya hawo ya tsaya bayan ƙofa, na tambaye shi wace suzuki suke nufi.

Ya ce ba mota ba ce. Kamfanin ne, yana da baburan tsere masu launin shuɗi, ya yi shekaru a babbar gasar sannan ya janye. Masu kallo kowa da kamfanin da yake fatan ya shigo. Baban Fiddausi na Suzuki ne, wai don a kan tankin Suzukin babansu ya fara hawa babur a Gumel. Tijjani kuma na BMW ne. Ya ce Tijjani shi ne masanin dokokinsu, kullum yana lissafa wa Baban Fiddausi cewa gasar ba kasuwa ba ce da za ka fita ka dawo yadda ka ga dama. Wai gurabe a layin farawa ƙayyadaddu ne, sabon shiga sai ya nemi wata ƙungiya da ke ciki su haɗa kai, ya ƙera inji daidai da ma'aunin da aka sa, ya kuma ɗauki alkawarin zama na shekaru. Wanda ya tafi da ƙafarsa, in ji Tijjani, wa zai yarda da alkawarinsa? Shi kuma marigayi ba ya kawo hujja, sai ya bar shi ya gama tas ya ce, Suzuki ce.

A satin hatsarin wani ya turo musu jita-jita a waya cewa akwai kamfanin da ke neman shiga, ba a faɗi suna ba. Suka ajiye musun sai Lahadi. Lahadin nan da hatsarin ya faru Tijjani yana can wajen layin sabunta takardu tun safe, shi ya sa ba a same shi ba. Ja'afar ya ce kowa a ahwa ya san haka, Zubairu ne ba ya zama da su, su kuma ba a gaya musu ainihin kalmomin da marigayi ya faɗa ba.

Yaya, kalmar "wa" ce ta maƙale a bakinsa. Ki gaya wa Tijjani yake nufi. Ya san ba zai kai ahwa ba, shi ne ya ba ni saƙo. Karkacewar bakin nan da na ɗauka zafi ne, murmushi yake nema. Na san akwai babur mai wannan suna tun muna yara, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba. Da na bar shi yana min zancen tseren nan a gida, da na gane tun a asibiti.

Na kira Zubairu, Ja'afar ya maimaita masa komai. Ya ce khalas, shi ke nan, ba zai je ƙisim ba. Na ce bai isa ba, sai ya tsaya a masallacin da maganar ta shiga ya warware ta. Ya yi hakan ranar Juma'a. Amma mai motar ya riga ya ba wani, su Mahasin kuma suna ɗaure kaya, za su koma wajen 'yan'uwanta a Giza.

Na aika a roƙi Tijjani ya hawo. Ya zo jiya da hantsi, ya tsaya a matakala, ni ina bayan ƙofa. Na ba shi haƙuri, ya ce ma'alish, ba komai, Maman Fiddausi, baƙin ciki ne. Muryarsa babu komai a ciki, irin ta wanda ya gama da mutum. Sai na ce ina riƙe da saƙonsa, na kuma makara wajen isar da shi. Na ce: "Abokinka ya ce in gaya maka, Suzuki ce."

Na ji ya zauna a kan matakala. Can ya ce: "Ba za ta dawo ba. Na sha gaya masa, doka ba ta bari." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa, ni ma na zauna a nawa gefen ƙofar.

Mahasin ba ta hawo ba, ban kuma ga laifinta ba. Kwanonta yana wurina. Na wanke shi, gobe zan zuba dambu a ciki Fiddausi ta kai mata kafin motar kaya ta zo. Ko ta karɓa ko ta mayar, zan gaya miki.

Ki gaishe da Inna, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Sabuwa