Rufin Jar Motarka

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan Haɗeja ruwa ya fara janyewa, alhamdu lillahi.

Labarin ba daɗi. Tun tafiyarka Baba ke wanke motar nan taka mai rufin yadi da hannunsa duk Juma'a, da bokiti da tsumma, ba ya barin kowa ya taɓa ta. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, Sani ɗan Kawu ya ɗauke ta zuwa biki a Auyo, ta dawo duk taɓo. Don kar Baba ya gani, ya kai ta sabon wurin wankin mota da inji. Burushin injin ya yaga rufin, ruwa ya cika ciki, yanzu ko tashi ba ta yi.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, yanzu me zan riƙa yi wa Habu ranar Juma'a?"

Ka kira shi, Yaya, kuma kar ka tambayi motar. A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hauwa