Na Gane Ɗaurin, Ɗana Bai Gane Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zama. Malam, ka isar musu da baki yadda na faɗa maka, kar ka sa a takarda, kun san abin da rubutunmu ke jawo mana a garin nan tun boren da bayi Musulmi suka yi. Sunana a bar shi, wanda ya gane ni ya rufa min asiri. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mai ƙosai ce a unguwar Barroquinha, nan hayin teku inda aka kawo mu bauta, na fanshi kaina kafin in haifi ɗana, shi kaɗai Allah ya bar min. Bana ya shiga dako, yana cikin masu ɗaukar Turawa a kujera suna hawa da sauka a gangaren Ladeira da Praça. Kujerun na wani Bature ne mai bayi da yawa. To kwanan nan suka fara zubewa a gangaren, igiyar da ke riƙe kujera da sandar kafaɗa sai ta warware haka kawai. Ta farko aka ce tsautsayi. Ta biyu matar Baturen ce a ciki, ta karye a ƙugu. Nan take aka kama maƙwabcina, Bayarabe ne bawan Baturen, don shi ke ɗauke da sandar ta gaba ranar. An ce bulala zai sha sannan a sayar da shi kudu gonakin gahawa, kuma wanda ya tafi can ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

'Yarsa sa'ar ɗana ce, yarinya mai taurin kan tsiya. Ita da ɗana suka sha alwashin sai sun gano mai yin wannan aiki. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ina, ko a jikinsu. Suka bi masu ɗiban ruwa da masu talla suna tambayar wa ke raɓar kujerun idan 'yan dako sun tafi cin abinci. Suka gano igiyar ba yanka ta ake yi ba, ko alamar wuƙa babu. Shekaranjiya suka zare wata daga kujerar da ba ta fita ba, da ƙullinta, ɗana ya ajiye min kusa da kasko ya ce, "Inna, kin taɓa ganin irin wannan?"

Na ce a'a, alhali na gane shi, na tsaya kallonsa har ƙosai ya ƙone ban sani ba. Ɗaurin fatake ne. Haka na ga ubana yana ɗaure kaya a jaki can ƙasarmu, in 'yan fashi suka taso, fizga ɗaya kaya su zube jaki ya tsira. A miƙaƙƙiyar hanya yana riƙewa gam, amma a gangare in nauyi ya rinjaya gaba, da kansa yake kwancewa. Yaran da aka haifa nan ba su san shi ba. Mutum ɗaya na sani a garin nan da hannunsa ya iya, tsohon da ke tufka wa 'yan dako igiya, Baba nake ce masa. Shi ya riƙa ba ni rabonsa na ruwa a jirgin bayin da ya kawo mu, shi ya yi wa ɗana huɗuba. Bara Baturen nan ya sayar da 'yar Baba kudu. Baba bai yi kuka ba, tun ranar tufka kawai yake yi.

Yanzu yaran sun fara kai igiyar wajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Ɗazu sai ga Baba a wajen suyata, abin da bai saba ba. Bai sayi komai ba, ya zauna ya daɗe yana kallon mai yana tafasa, sannan ya ce ya ji ɗana ya zama mai yawan tambaya. "Yaro mai ido irin wannan a kula da shi, 'yata, gangaren nan ba shi da kirki." Ya ce ya tufka sabuwar igiya, gobe da safe shi da kansa zai ɗaure kujerar da ɗana zai ɗauka. Yana murmushi ya faɗa. Wallahi na kasa gane kariya yake nufi ko gargaɗi, kuma ɗana ne a gaba gobe. Tsoro nake ji, tsoron mutumin da nake kira uba.

In na fallasa shi rataye shi za su yi, 'yan sanda su bi gidajenmu kaf suna neman allo da laya. In na yi shiru, maƙwabcina ya tafi a kan laifin da bai yi ba, 'yarsa kuma kullum tana zaune kusa da ni tana jajjaga min albasa. In na hana ɗana fita, Baba zai san na gane, sannan ɗan wata ne zai ɗauki kujerar.

Iyayena, ku da kuka san Baba kuka san gangaren, ku faɗa min kafin gari ya waye. In bar ɗana ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin sandar nan?