Ajiyar da Mama Ta Kai wa Baba

Kafanchan, 9 ga Disamba, 1977

Yaya Gregory,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina aikin jirgin ƙasa, ina su Lucia da yara?

Kada hankalinka ya tashi, amma Mama ta faɗi. Ta hau dutsen bayan gidanmu na Fadan Kagoma tana shanya citta, santsi ya kwashe ta. Ka san halinta, sai da ta gama korar kaji daga kwance kafin ta yarda ta kasa tashi. Malam Nuru mai ɗori ya taɓa wurin, ya ce karayar tana can ciki inda hannu ba ya kaiwa, mu nufi asibiti.

Hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ne ya karye, daf da kan da ke juyawa cikin ƙugu. Likitan ƙashi mai zuwa daga Jos ya ce hanya uku ce. Ko a ɗaure ƙafar da nauyi ta yi watanni a gado, kuma doguwar kwanciya ita ke kashe tsofaffi da ciwon huhu. Ko a haɗa da ƙusa, amma a shekarunta da wuya ya kama. Ko a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe, ta miƙe da wuri. Shi ya fi son na ukun. Mama ta ce a'a, ta juya fuska bango. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Emilia

Kaduna, 12 ga Disamba

Zuwa ga Emilia,

Bayan gaisuwa mai yawa, na sami wasiƙarki, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. A matsayina na babban ɗa, na amince a yi na ukun ba tare da jinkiri ba. Tsoron wuƙa ne kawai, ki lallashe ta. An hana ni hutu sai bayan Kirsimeti.

Naki,
Gregory

Kafanchan, 15 ga Disamba

Yaya,

Sannu da ba da umarni, babban ɗa. Matar da ta taɓa sare kan maciji da fartanya kana goye a bayanta, ita ce mai tsoron wuƙa?

Jiya ina yi mata kitso ta buɗe baki. Ga maganarta yadda ta faɗa: "Baban ku ya tafi da jiki nashi duka. Ni kuma in je in kwanta kusa da shi da gibi? Rana na tashin matattu, ina zan nemi ƙashi na? A bola na asibiti?"

Na fara dariya, sai na ƙare da kuka. Fasto ya zo ya karanta mata ayoyi, ta gode masa, ta ce Allah ba zai rasa ƙashi ba amma ita ba ta saba barin kayanta a gidan mutane ba. Yaya, ta fara tari. Likita ya saurari ƙirjinta, fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

Emilia

Kaduna, 17 ga Disamba

Ƙanwata,

Na ba gadin jirgi wannan don ta iso ki yau. Ki yafe mini waccan wasiƙar, na rubuta ta kamar ina ofis.

Kin tuna gindin mangwaron da Mama ke nuna mana, ta ce nan ta binne cibiyata, can taki? Ta ce shi ya sa duk inda muka je za mu dawo. Ki roƙi likita, in ya cire ƙashin, ya ba mu. Mu kai shi gida mu binne wurin Baba. Ki gaya mata ɗanta ne ke roƙo, ba babban ɗa ba. Ban shirya zama maraya ba, ko da furfurata.

Gregory

Kafanchan, 21 ga Disamba

Yaya,

An yi aikin! Da na karanta wa Mama wasiƙarka, ta yarda. Likita ya ce bai taɓa jin irin wannan roƙo ba, amma ya sa an wanke ƙashin an ba mu a kwalba. Da ta farka, kafin ta nemi ruwa, kwalbar ta nema. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe ɗan wannan ne ya ɗauke ni shekara saba'in." Na naɗe mata shi a ɗankwalinta na zumuntar matan coci, yana ƙarƙashin matashinta. Gobe za a fara tsayar da ita.

Emilia

Fadan Kagoma, 2 ga Afrilu, 1978

Ɗana Gregory,

Ni ke magana, Emilia yana rubutu. Ina gaishe ka, ka gaida mata naka da yara.

Ka ce in jira ka a kan binne ƙashin, ban jira ba. Yau bayan sujada na tafi kabarin Baban ku da ƙafa na, da sanda. Ba wanda ya riƙe ni. Na tona da kaina, na sa shi ta wajen hannun dama nashi. Na ce masa, "Kambai, riƙe mini wannan. Sauran zai zo, amma ba yanzu ba. Ina da citta da zan shuka."

Ka zo da sabon fartanya.

Maman ka,
Paulina